An rubuta wat 1,500 a kwalin lasifikata: wuta nawa take sha a zahiri?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ɗan shagon buga takardu, kuma in an ɗauke wuta ina amfani da inbata mai 1kVA da batir ɗaya mai 100Ah. Kwanan baya na sayi lasifikar kwamfuta, irin mai wufa ɗaya, wato babban akwatin da ke fitar da bugun bas, da ƙananan sifiku biyu, ina sauraron karatu da labarai ina aikina. A jikin kwalin an rubuta 1500W PMPO. Wani abokina ya ce in cire ta domin ta fi ƙarfin inbatar, kuma ita ke cinye mini yunit a mita. Shin haka ne? Wuta nawa lasifikar kwamfuta take sha?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, kada ka cire ta. Lasifikarka ba ta shan wat 1,500, ko 150 ma ba ta sha. Irin wadda ka kwatanta, in kana sauraron karatu da matsakaiciyar murya a cikin shago, abin da take ja daga soket bai wuce wat 8 zuwa 15 ba. In ka ƙure mata murya da kiɗa mai bugu za ta iya kai 25 ko 30, in babba ce ta taɓa 40. Kwatankwacin kwan lantarki ɗaya ko biyu ke nan na zamani. Abokinka da kyakkyawar niyya ya ba ka shawara, lambar jikin kwalin ce ta ruɗe shi, kuma dama domin ta ruɗi masu saye aka rubuta ta da manyan baƙaƙe.

Tun kafin mu shiga lissafi, akwai hujjar da za ka iya gani da idonka. Abin da ke shan wat 1,500 shi ne irin butar dafa ruwa ta lantarki ko babban dutsen guga. Duk wutar da ta shiga cikin na'ura, ƙarshenta zafi take komawa. Da akwatin wufarka na katako yana haɗiyar wat 1,500, da cikin 'yan mintuna ka ji ƙauri ya cika shagon. A wutar gida mai bolt 230, wat 1,500 na nufin amfiya 6 da rabi ne ke bi ta cikin waya. Dubi siririyar wayar da ta fito daga bayan wufar, ka kwatanta ta da ta dutsen guga. Sannan ka ɗaga akwatin ka ji nauyinsa: taransifomar da za ta ɗauki wat 1,500 ita kaɗai ta haura kilo 10, taka kuwa in ka buɗe za ka tarar da 'yar ƙarama ce da ba ta cika tafin hannu ba. In akwai fiyus a ciki, karanta abin da aka rubuta masa. A irin waɗannan lasifiku sau da yawa rabin amfiya ne ko ɗaya, kuma rabin amfiya sau bolt 230 wat 115 ne. Ko nan ɗin iyakar da in an wuce ta fiyus zai ƙone ne, lasifikar ba ta zuwa kusa da wurin a aikinta na yau da kullum.

Tushen ruɗanin shi ne lambobi iri uku ne ake rubutawa a jikin lasifika, duka da sunan wat, kuma kowace da abin da take nufi.

Ta farko ita ce PMPO ɗin da ka gani. Ana cewa wai ƙololuwar ƙarfin da lasifika za ta iya fitarwa ne cikin ƙiftawar ido. Matsalar ita ce babu wata ƙa'idar awo da aka amince da ita a kan yadda ake samo wannan lamba, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga zai sayar masa da kaya. Lasifiku biyu masu kayan ciki iri ɗaya, wannan a rubuta mata 800, waccan 3,000. Ni dai a wurina lambar nan ba ta da wani amfani ga mai saye, kuma ina jin takaici duk lokacin da na ga mutum ya ƙara kuɗi ya ɗauki mai babbar lamba yana zaton ya fi samun kaya. Ba sabon ciwo ba ne. A Amurka abin ya yi ƙamari har hukumar kula da cinikayya ta tarayya, FTC, ta kafa doka a 1974 cewa duk mai tallar ƙarfin amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, dole ya faɗi ƙarfin da take iya ɗorewa a kai, tare da bayanin yadda aka auna. A 1998 hukumar ta bayyana cewa dokar ta haɗa har da lasifikun kwamfuta masu amfilifaya a ciki. Kayan da ke shigowa kasuwanninmu da yawa ba don waccan kasuwar aka yi su ba, shi ya sa har yau muke ganin dubunnan wat a jikin kwali.

Ta biyu ita ce RMS, kuma ita ce mai ma'ana. Tana nufin ƙarfin da amfilifaya za ta iya turawa zuwa sifiku a kai a kai ba tare da ta gaza ba. Kamfanonin da ke mutunta masu saye ita suke rubutawa. Logitech Z313, wadda fasalinta ɗaya da taka, wat 25 RMS ce. Edifier R1280T wat 42. Creative Pebble, 'yar ƙarama mai shan wuta daga USB, wat 4.4. Logitech Z623 kuwa, wadda in an ƙure ta maƙwabta sai sun sani, wat 200 ce. Ka ga ke nan in wadda ke girgiza ɗaki wat 200 ce, to taka mai 1,500 a kwali da wuya ta wuce 20 zuwa 40 a gaskiya. Amma ko RMS ɗin ma, iya abin da lasifika za ta iya fitarwa ne in an matsa mata har ƙarshe. Kamar mota ce da aka rubuta 200 a agogon gudunta, mai ita kuwa cikin gari yake yawo da 40.

Ta uku ita ce 'yar takardar da aka liƙa a bayan wufar kusa da inda waya ta shiga, ko a jikin adafta. Ita ce kaɗai ke maganar wutar da ke shiga. In adafta gare ka, dubi ɓangaren abin da take fitarwa: in an rubuta 12V 2A, ninka su, wat 24 ke nan, kuma lasifikar ba za ta taɓa samun fiye da haka ba ko me aka rubuta a kwali. Sai dai ka lura da wani tarko a nan. A ɓangaren abin da adafta ke ɗauka za ka ga kamar 100-240V 0.5A. Kada ka ninka 0.5 da 230 ka ce wat 115 take sha. Wannan amfiyar an rubuta ta ne don yanayi mafi tsanani, wato a ƙasar da wutarta bolt 100 ce kuma an ɗora wa adaftar cikakken kaya.

Yanzu ga abin da ya fi ba mutane mamaki, kuma shi ne zuciyar maganar: sauti ba ya buƙatar wuta mai yawa. Sifika dai naɗin siririyar waya ce a tsakiyar maganaɗisu, an liƙa mata takarda. Wuta ta bi ta cikin wayar, takardar ta motsa gaba da baya, ta kaɗa iska, kunne ya ji. Tun 1925 da Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric suka bayyana wannan tsari, har yau a kansa ake. Ƙaramar sifika in ka ba ta wat ɗaya tak, ka tsaya nisan mita ɗaya, za ka ji ƙara mai kai 80 zuwa 88 a desibel, wato ma'aunin ƙarar sauti. Hirar mutum biyu kusa da juna wajen desibel 60 ce. Sauraron da za ka yi kana aiki, kana kuma jin maganar mai shigowa shago, wajen 70 ne. Ƙa'idar kuwa ita ce duk desibel 10 da ka sauko, wutar da ake buƙata ta ragu sau goma. Saboda haka daga 80 zuwa 70, wat ɗaya ya koma kashi ɗaya cikin goma na wat. Abin da ke isa ga sifikunka lokacin da kake sauraron karatu bai kai wat ɗaya ba, sau da yawa ko rabinsa bai kai ba.

Ƙa'idar nan tana aiki ta ɗaya ɓangaren ma, kuma a nan ne take da tsada. In ka ninka wuta sau biyu, desibel 3 kawai ka ƙara, wanda kunne da ƙyar yake lura da shi. Kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka sau biyu, sai ka ninka wuta kusan sau goma. Shi ya sa maɓallin murya ba ya tafiya daidai da shan wuta: daga ƙasa zuwa tsakiya kusan ba ka ganin wani canji a mita, amma daga tsakiya zuwa ƙarshe sai abin ya yi tsalle. Kuma shi ya sa mai wat 50 ba ta ninka mai wat 25 a ƙara, ɗan bambanci ne kaɗan.

Ko an ƙure murya ma, magana da kiɗa ba sa tsayawa a ƙololuwa. Akwai tsayawar numfashi, akwai wurin da murya ke sauka, akwai tazara tsakanin bugun ganga da na gaba. Saboda haka ne masu gwajin lafiyar kayan sauti a ƙa'idojin ƙasa da ƙasa suke gwada amfilifaya a kan kashi ɗaya cikin takwas na cikakken ƙarfinta, domin nan ne matsakaicin abin da take fitarwa in ana kiɗa da ƙarfi sosai. Mai wat 25 ke nan wajen wat 3 take fitarwa a matsakaici, mai wat 200 kuma wajen 25. Abin da ke jan wuta a cikin sauti shi ne bugu na ƙasa, aikin wufa, domin sai takardar ta yi doguwar tafiya ta tura iska mai yawa. Kai da karatu da labarai kake sauraro, wufarka kusan hutawa take yi. In ka rage maɓallin bas ɗin da ke bayanta, muryar mai karatu ma za ta fi fitowa tas.

To in sifiku rabin wat suke karɓa, ina sauran wat 8 ko 10 ɗin suke tafiya? Amfilifaya da taransifoma ne ke ƙone su su zama zafi, kuma wannan ne ya kamata ka damu da shi.

Yawancin lasifikun kwamfuta masu wufa da ake sayarwa da araha, in ka buɗe za ka tarar da taransifoma ta ƙarfe, da manyan kafasita biyu, da aisi uku ko huɗu, wato 'yan ƙananan na'urorin da ke aikin amfilifaya, an ɗaure su a jikin farantin alminiyon da ke ɗauke zafi. Aisin da aka fi samu shi ne TDA2030 ko 'yan'uwansa. Irin wannan amfilifaya ana kiranta ajin AB. Ko a takarda, iyakar abin da take iya mayarwa sauti daga wutar da ta sha kashi 78.5 ne cikin 100, shi ma sai an ƙure ta. A kashi ɗaya cikin takwas ɗin da na ambata, ba ta wuce kashi 28. A ƙaramar murya kuwa abin ya fi haka lalacewa. Sannan ko babu sautin komai, kowane TDA2030 yana jan wajen miliamfiya 40 don ya zauna cikin shiri. In ana ba shi bolt 30 tsakanin ƙafafunsa na wuta, wat 1.2 ke nan kowane ɗaya. Uku ko huɗu sun ba ka wat 4 zuwa 5. Ƙara da wat 2 ko 3 da taransifoma ke ɓatarwa a cikin ƙarfenta muddin tana jone, da 'yan fitilun ado, da Bluetooth ko rediyo in tana da su. Sai ka ga lasifika tana zaune shiru tana shan wajen wat 7.

Sababbin lasifiku da yawa sun koma ajin D, wanda ke kunna wuta yana kashewa sau dubbai ɗaruruwa a daƙiƙa maimakon ya riƙe ta rabi a buɗe. Yana kai kashi 90 cikin 100 wajen mayar da wuta sauti, ba ya zafi sosai, kuma in yana zaune shiru ɗan abin da yake ja kaɗan ne. Aisi irin su TPA3116 na Texas Instruments a manya, da PAM8403 a ƙanana, duk wannan aji ne. In lasifika ba ta da nauyi, adafta gare ta irin ta laftof, kuma bayanta ba ya ɗumi, to galibi ajin D ce.

Ƙananan lasifikun USB ma ba sai an yi dogon bincike ba, ramin da suke sha ya riga ya yi musu iyaka. USB 2.0 bolt 5 ne da rabin amfiya, wat 2.5. USB 3.0 yana kai miliamfiya 900, wat 4.5. A sauraro na yau da kullum wat ɗaya ne ko ƙasa da haka. Ita kuwa koriyar wayar nan da ke shiga ramin sauti na kwamfuta, saƙon sauti kawai take ɗauka, ba ta ƙara wa kwamfuta wani nauyin wuta da za a ambata.

Bari mu mayar da shi kuɗi, tunda ka yi maganar mita. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Ɗauka lasifikarka tana shan wat 12 in kana sauraro, awa 8 kullum. Wat 96 na awa ɗaya ke nan a yini, cikin kwana 30 ya zama 2,880, bai cika yunit 3 ba. Ko da farashin naira 225 da hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta sanya wa 'yan rukunin A a watan Afrilun 2024, wanda shi ne rukuni mafi tsada, wajen naira 650 ne a wata. Sai lasifikar ta yi awa 83 tana magana kafin ta cinye abin da dutsen guga mai wat 1,000 ke cinyewa a awa ɗaya. Fankar sama mai wat 70 da ke kanka ta ninka ta kusan sau shida. In yunit na gudu a shagonka, nemi dalilin a wurin injin hoton takardu da firinta mai amfani da hoda, domin su suna da abin dumama takarda a ciki mai jan ɗaruruwan wat, sai fanka, sai kwamfutar kanta.

Amma ga inda abokinka yake da ɗan gaskiya ba tare da ya sani ba. Ka tashi daga shago ka bar ta a jone. In wuta na nan, sauran awa 16 tana shan wat 7 ba ta cewa komai. Wat 112 na awa ɗaya a yini, 3,360 a wata, ya haura yunit 3. Wato abin da ta sha tana shiru ya fi wanda ta sha tana yi maka karatu. A shekara wajen yunit 40 ke nan, kusan naira 9,000 a wancan farashin, ba tare da ka amfana da ko harafi ɗaya ba. Da yayyafi kogi kan cika. Kuma kada maɓallin gaba ya yaudare ka. A lasifiku da yawa maɓallin nan sautin kawai yake yankewa ko wutar da ke zuwa amfilifaya, taransifomar tana nan jone da wutar gida tana ɗumi dare da rana. Gwajin mai sauƙi ne: kashe ta da maɓalli, ka bar ta awa biyu, ka dawo ka ɗora hannu a bayan wufar ko a jikin adafta. In ka ji ɗumi, tana shan wuta. Tarayyar Turai saboda irin wannan asarar ta kafa doka a 2008, wadda ta kayyade abin da na'urar gida za ta sha in an kashe ta ko tana jiran aiki: wat ɗaya daga 2010, rabin wat daga 2013. Kayan da aka yi don waccan kasuwar sukan kwanta da kansu in sun daɗe ba sauti. Naka maganin bai wuce soket mai makunni ba. Zai kuma kare maka taransifomar daga wutar da kan dawo da ƙarfi cikin dare, wadda kan kashe irin waɗannan lasifiku.

Saura batun inbata da batir, inda kowane wat yake da daraja fiye da a mita. Inbatarka ba za ta ko ji nauyin wat 15 ba. Batir mai bolt 12 da 100Ah yana riƙe da wat 1,200 na awa ɗaya a lissafi, amma in na ruwa ne ko makamancinsa, rabi ya kamata ka riƙa sha in kana son ya yi maka ƙarko, 600 ke nan. Inbata tana cin nata kason wajen juya wutar, mu ce kashi 85 cikin 100 ne ke fitowa, saura 510. In kwamfutarka ta tebur da allonta suna shan wat 100, za ka yi awa 5 da 'yan mintuna. Ƙara lasifika mai wat 12, ka koma awa 4 da rabi. Rabin awa ke nan ta rage maka. Ba ƙaramin abu ba ne ranar da aiki ya taru kuma ba a san lokacin dawo da wuta ba, amma kuma ya yi nisa ƙwarai da abin da aka tsorata ka da shi. In da ƙaramar USB ce, abin da za ta rage maka bai wuce minti 5 ba. Shawarata a nan: ka bar babbar don lokacin wutar gari, ka ajiye 'yar USB don lokacin batir. Ga karatu da labarai ta ishe ka.

Abin da na fi so ka kiyaye shi ne kada ka bar inbata a kunne don lasifika kaɗai, misali kana sauraro daga waya bayan ka kashe kwamfuta. Inbata irin taka ko ba a jona mata komai ba tana cin nata, sau da yawa fiye da wat 10, wasu har 30. Sai ya zama mai ɗauko wutar ya fi mai shan ta ci. Sannan in inbatarka ba mai fitar da wuta mai santsi ba ce, irin masu arahar nan ce da wutarsu ke tafiya kamar matakala, za ka ji lasifikar tana wani gurnani, taransifomarta kuma ta fi ɗaukar zafi. Wannan gurnanin daga irin wutar yake, ba ya nuna cewa lasifikar ta fi ƙarfin inbata.

Duk lambobin da na ba ka na irin lasifikar da ka kwatanta ne, taka kuma za ka iya auna ta da kanka, gani ya kori ji. Akwai 'yar na'urar auna wat da ake sokawa a soket, sannan a soka kaya a jikinta. Masu sayar da kayan sola da na lantarki suna da ita. Auna sau huɗu: an kashe da maɓalli, an kunna ba sauti, a muryar da ka saba, sannan a ƙure da kiɗa mai bugu. Tabbatar wat take nuna maka. In amfiya ka karanta ka ninka da 230, lambar za ta fito sama da gaskiya, domin taransifomar da ba ta da kaya sosai tana karɓar wuta tana mayarwa, mitar gida kuwa abin da aka cinye kaɗai take ƙirgawa.

In ba ka samu na'urar ba, mitar katinka ma za ta yi. A fuskarta akwai 'yar jar fitila mai ƙiftawa, kusa da ita an rubuta lamba kamar 1000 imp/kWh, wato ƙiftawa 1,000 ne yunit ɗaya. Kashe komai na shagon, ka bar lasifika kaɗai, ka duba agogo tsakanin ƙiftawa ɗaya da ta gaba. A mita mai 1,000, raba 3,600 da yawan daƙiƙun da ka ƙirga, abin da ya fito shi ne wat. In minti 6 ne tsakani, daƙiƙa 360, wat 10 ke nan. In da gaske wat 1,500 take sha, da fitilar tana ƙiftawa kusan duk daƙiƙa biyu da rabi. Kira abokin naka ku tsaya tare ku ƙirga. In lambar mitarka 1,600 ce ko 3,200, sai ka raba amsar da 1.6 ko 3.2. Abin da ban yarda ka yi ba shi ne yanke waya don saka mitar gyara a layin wutar gida, wannan aikin mai sana'a ne.

Akwai wata dabara da masu sola ke yi, wadda za ta yi maka amfani in nan gaba ka sayi lasifika mai adaftar da ke fitar da 12V DC, wato irin wutar batir: a jona ta kai tsaye da batir, a tsallake inbata gaba ɗaya, sai asarar juya wuta sau biyu ta tafi. Amma da sharuɗɗa. A karanta jikin adaftar da kyau, domin wasu tsofaffin lasifiku AC, irin wutar gida, adaftarsu ke fitarwa, su ba za su yi aiki da batir ba. A tabbatar da wace waya ce mai ƙari wace ce mai ragi kafin a jona, juya su yana ƙone aisi nan take. A sa fiyus mai amfiya 2 ko 3 dab da kan batir, domin batir mai 100Ah in waya ta haɗu yana iya tayar da gobara. Kuma a tuna batir yana hawa har bolt 14.4 lokacin caji, don haka mai gyara ya duba ko kafasitocin ciki masu bolt 16 ne ko sama, in kuma ana shakka a sa 'yar na'urar da ke daidaita wuta a bolt 12 a tsakani. Wadda ke hannunka yanzu, in wayarta kai tsaye take shiga soket ba adafta, taransifoma ce a cikinta, wannan dabarar ba tata ba ce. Ita soket mai makunni za ka saya mata, ka riƙa kashewa duk lokacin da za ka rufe shago.